Ɓurɓushin Zobon Lawan

A kan tsintsiya muka ɓata da Lawan. Na sunkuya ina haɗa ɓurɓushin zobo a bayan gidansa na Nassarawa GRA, kamar yadda muke yi kullum in an tashi aiki, sai na ji an take min tsintsiya da takalmi sau-ciki.

"Gwaggo, daga yau shara ba ta fita daga gidan nan."

"Wace sharar?"

"Wannan da kike haɗawa mana."

Na ce, "Ɗage ƙafarka, Lawan. Ni na yi wa uwarka wankan jego."

Ya ɗage, amma bai janye maganar ba.

A Gama aka haife shi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ubansa faci yake yi a bakin titi. Shi kuwa tun yana majina a hanci ba ya raba abu da kowa, ko rake ya samu sai ya shiga lungu. Da ƙashinsa ya yi ƙwari ya tafi dako kasuwar Dawanau, daga ɗaukar buhun zobo ya koma saye, daga saye ya fara kai wa masu fitarwa waje. Yana da zuciyar nema, wannan ba zan hana shi ba. Da abin ya zauna sai ya kama gida a GRA mai ƙaton fili a baya, ya fara cewa "mutanen Gama" kamar ba can aka binne cibiyarsa ba.

Ni na tara masa mata daga Gama da Kawaji, muna tsince zobo. A cire tsakuwa da kara, mai kyau ya shiga buhu. Abin da ya farfashe ya zube ta rariya kuwa na masu tsinta ne. Haka muka taras ana yi, ba wanda ya taɓa roƙa, ba wanda ya taɓa hanawa. Sauda, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da shi take dafa zobon sha ta ƙulla ta kai ƙofar makaranta a Gawuna. Da shi tukunyarta take hawa murhu.

Sai wani babban kamfanin shayi na ƙasar waje ya ce zai riƙa sayen zobon Lawan, amma da sharaɗi: kada a ɓata ƙasa, kada a ɓata ruwa, kada a wahalar da ma'aikata. Nan da nan aka dafe filin da siminti, aka kawo randar ruwan sha, aka gina banɗakin da muka yi shekaru muna magiya a kansa. Mu da muka yi magana bai ji ba, sai da ta fito ta hancin Bature.

Da suka tambaye shi yadda yake yi da shara, kunya ta hana shi cewa tsofaffi ne suke kwashewa a zani. Sai ya ce musu taki yake yi da ita. Ya sa aka haƙa rami a gindin dalbejiya, aka kafa masa allo kore, rami har da suna. Kullum da yamma a juye mana rabonmu a ciki, a zuba ruwa, muna tsaye ramin yana yin ja kamar an yi yanka. Sauda sai dai ta ɗaure zaninta babu komai a ciki ta kama hanya.

Kamfanin ya turo wata Pamela, 'yar Zariya, ta duba wurin. Hausa a bakinta rangaɗau. Tana ɗaukar hoton ramin na tare ta.

"'Yar nan, Turawanku ne suka ce a binne abincin marayu?"

Ta ce, "Wane abinci, Mama?"

Na bayyana mata. Ta riƙe baki ta ce, "Ai mu abin da muka hana shi ne a ƙona ko a zuba a kwata. In mutane suna amfana da shi ma ya fi. Alhaji Lawan ya sanar da ofis an canja, shi ke nan."

Na ɗauka magana ta ƙare. Motarta na fita, Lawan da ke gefe yana jinmu ya juyo kaina, hula a ƙeya.

"Gwaggo, kin san abin da kika yi kuwa? So kike a ce ni maƙaryaci ne? Na riga na ce musu taki! Hoton ramin nan yana can ƙasarsu. In na sauya magana suka janye, duk ku zauna a gida."

"To ai ta ce ya halatta."

"Ita ma 'yar aike ce. Mutanen nan ba sa son a yi musu magana biyu."

Bai sanar da kowa komai ba. Kamfani ya amince da shi, ya yi walima, ya gayyato maƙwabtansa na GRA masu babbar riga, ya zagaya da su suna leƙa rami suna cewa madalla. Takin ma ba gona gare shi ba, furannin ƙofar gida ake zuba wa.

Sauda ta jure har damina, sannan ta bar aikin, ta koma wankau a gidajen mutane, hannunta duk ya tsattsage. Ranar da na ji, na naɗe tabarmata. Lawan yana zaune a mota zai fita, ya sauke gilashi.

"Gwaggo, ina zuwa da rana tsaka? Ko fushin ne har yanzu? Haba, a kan shara?"

Na matsa har jikin motar don direbansa ma ya ji. Na ce, "Ka buga wa Turawanka waya ka yi musu albishir, raminka ya ƙoshi har ya yi tumbi. 'Ya'yan Sauda ne dai ba su ci ba. Ranar da na mutu kuma kada ka zo, ina tsoron ka yi taki da ni."