Ƙudajen Yaya Bilya

Lokacin mangwaro ne, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare ta Sakajiki, Yaya Bilya ya sauka daga motar Kaura Namoda rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Ɗan baffana ne, yana karatu a jami'a, yajin aiki ya koro shi gida. Mun zaci tsaraba ce. Da ya buɗe sai ga kwalabe an toshe bakinsu da auduga, cike da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro.

Tun daga ranar Kaka ta sa masa ido. Mutum da hankalinsa ya riƙa dama wa ƙuda ayaba, yana rufe ƙofa idan zai duba su? Ta hana mu shiga ɗakinsa, ta sa ni wanke duk kwanon da ya taɓa sau biyu, har turaren tsari ta yi a bakin zaure. Ni kaina na tsargu da shi, domin in na dawo daga ɗibar ruwa nakan leƙa ta taga in gan shi yana shafa ƙudajen da gashin kaza, yana magana shi kaɗai.

Wata rana muna surfen gero Kaka ta tare shi. "Kai wanga yaro, mi kaka nema ga ƙuda?" Sai ya zauna ya yi mata bayani cikin ladabi. Ya ce uwar ƙuda takan ajiye wani abu a gindin ƙwanta tun kafin ta saka shi, daga nan ne ƙwayoyin haihuwar ɗan za su fito. In uwar ta kasa ajiye shi, ɗiyan za su tashi lafiya lau, amma ba za su taɓa haihuwa ba.

Kaka ta ajiye faifai. Gwaggo Asabe, 'yarta ɗaya tilo mace, ta shekara da shekaru a gidan miji a Shinkafi ba ko ɓari, kuma Kaka ta gama zargin kowa a kan haka, daga dangin mijin har maƙwabta. "Kenan ni na hana Asabe?" ta ce. Yaya Bilya ya rantse mata cewa mutum ba ƙuda ba ne, amma ba ta ji shi ba.

Ranar kasuwa ta sa ni rakiya har Shinkafi. A gabana ta kama hannun Gwaggo tana kuka, tana roƙon gafara, Gwaggo kuwa sai tambaya take, laifin me?

Yau ni ma ina koyar da kimiyya, na san Yaya Bilya gaskiya ya faɗa duka biyun, zancen ƙwan ƙuda da cewa mutum ba ƙuda ba ne. Ina da kalmomin da zan kwantar wa Kaka hankali da su, sai dai ta rasu tana ganin ita ce ta hana Gwaggo haihuwa.