An Faɗa a Rediyo

Orval Hruska ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran wayoyin mota a garinmu, cikin tuddan yashin Nebraska, kuma sau ɗaya tak na ga an maido masa da aiki. Ni ƙanwar matarsa ce, shagon da nake sayar da kofi yana kallon garejinsa, don haka ganau ce ni ba jiyau ba. Mutum ne mai taurin kai da tsabtar aiki. In ka ce masa ya yi sauri, sai ya ajiye sukundireba ya hau tambayarka lafiyar shanu.

Wanda ya maido aikin shi ne Merle Tejral, tsohon makiyayi da ke zaune shi kaɗai mil arba'in daga gari, inda waya ba ta kamawa. Shekara ashirin ba sa ga maciji da ƙanensa Dwayne saboda rigimar wani shinge. Amma kullum bakwai da kwata na safe yana cikin a-kori-kurarsa ya kunna tashar rediyon garinmu, lokacin da ake karanto sunayen waɗanda aka kwantar a asibiti da waɗanda suka rasu. Ya taɓa ce mini, "Ran da na ji sunan wawan nan zan je. Kafin nan ya ci kansa."

'Yarsa ta aiko masa da sabon rediyon mota daga Omaha. Orval ya cire tsohon ya ɗaura sabon, ya kunna, murya ta fito tangaran. To, dogon ƙarfen tashar a bayan garejin yake, ko cokali ka soka wa rediyo zai kama. Ashe kan wayar eriya bai zauna daram a raminsa ba. Hanyar burji ta girgiza shi ya zame, Merle ya isa gida sai shuuu kawai yake ji. Mutanenmu kuwa ba sa tuƙin mil arba'in don kai ƙorafi. Ya bari sai ran da zai shigo sayen gishirin shanu, bayan kwana goma sha ɗaya.

Cikin kwana goma sha ɗayan nan aka kwantar da Dwayne, aka karanta sunansa safiya uku, ya cika, aka binne shi. Ba wanda ya je ya gaya wa Merle, don a wurinmu in an faɗa a rediyo an gaya wa kowa ke nan. Ni da bakina na ce a ƙofar coci, "Tsohon nan ba shi da zuciya." Har yau ina jin kunyar maganar.

Ranar Talata na kai wa Orval kofi, sai ga Merle da fara'arsa.

"Kai Orval, tsufa ya ci ka! Rediyonka ba ya komai sai huci kamar maciji."

"Tun yaushe?" in ji Orval.

"Tun ran da na bar nan. Ko kurame kake ɗaura wa?"

Orval bai yi dariya ba. Ya kwance rediyon ya zaro shi, ga wayar eriya tana reto a baya. Ya sa filaya ya ɗan buɗa haƙoran kanta, ya tura ta har ta ce ƙas, ya naɗe da salatif. Aikin bai kai minti biyu ba.

"Merle, zauna."

"In zauna ni baƙo ne?"

"Dwayne ya rasu. Ran Juma'a aka binne shi."

Merle ya daɗe yana kallon wayar. "Wannan ɗan abin?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya shiga mota ya tafi, ko gishirin bai saya ba.

Orval ya kasa cin abinci kwana biyu. A na uku ya ce in raka shi wurin Lorene, matar mamacin, don gari ya daina zagin Merle kan laifin da ba nasa ba. Ya tsaya a kicin ɗinta da hula a hannu ya faɗi komai, bai rage wa kansa ko ɗaya ba. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta kore mu. Sai ta tura masa kujera.

"Malam Orval, sha kofinka. Shekara ashirin eriyar Merle lafiya lau take, hanyar gidan nan ma ba ta gudu ba."

"Duk da haka, Lorene, da ya ji da ya zo. Zan gaya wa kowa."

"Gaya musu," in ji ta. "Amma Dwayne kwana uku yana kallon ƙofa. Safiyar ƙarshe ya ce mini, 'Ya ji, Lorene. Zuwa ne ba zai yi ba.' Da wannan ya tafi. Shi wa zai gaya masa?"