Inda Almu Kuku Ke Sa Goshi

Da aka fara ba ni labarin nan ban gaskata ba. Ta yaya dattijo zai shekara uku yana shiga makabarta bai sani ba? Sai da na ga wurin da idona.

Almu kuku ne, mutumin Yelwa. A 1973, lokacin da kuɗin mai ya sa ana turo ɗalibai London jirgi-jirgi, aka kawo shi yana tuƙa musu tuwo a gidan kwanansu da ke Bloomsbury. Ajami ya iya, boko kuwa ko baƙi ɗaya. Sanyi bai dame shi ba kamar yadda ko'ina siminti ne da kafet, babu inda goshi zai taɓa ƙasa.

Ran nan ya gano wani lambu a bayan layinsu, ciyawa shar, ga kujeru, Turawa na cin burodi. Kullum in ya sauke tukunyar rana sai ya je ya yi azahar a gindin wata bishiya. Faffaɗan duwatsun da aka jingina a katanga kuwa, ya ɗauka magina ne suka ajiye. A Yelwa ai fasasshiyar tukunya ake kifa wa kabari.

Wata rana Karimatu, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta ratso ta nan.

"'Yata, maginan garin nan sun fi namu lalaci," in ji Almu. "Shekara uku ba su kwashe kayansu ba."

Ta duƙa ta karanta dutse ɗaya, ta miƙe a hankali.

"Baba, sunan mamaci ne fa. Tsohuwar makabarta ce aka mayar lambu. Duwatsun kawai aka matsar, masu su suna nan ƙasa."

Almu ya dubi ƙafafunsa. Ya tuɓe takalma, ya fita yana sanɗa kamar mai taka ƙwai.

Kwana tara bai koma ba, tuwonsa har ya fara gudaji. A na goma ya sa Karimatu gaba suka sami Jane, tsohuwar da ke kula da furannin. Tambaya ɗaya ya kawo: akwai inda ba a kwantar da kowa ba? Jane ta ɗauko tsohuwar taswirar wurin. Gindin bishiyarsa, mutum shida. Amma daga ƙofa akwai siririyar hanyar da ake bi da gawa a da, nan ba kowa.

Tsakuwa ce, babu inuwa. Nan ya koma da sallarsa, takalma a hannu tun daga ƙofa.

Ranar da na je ganin wurin, na tambaye shi me ya sa yake ɗaga wa bishiyar hannu in ya shigo, alhali bai san mutanen da ke kwance ƙarƙashinta ba.

"Shekara uku ina zama a kansu, ba wanda ya kore ni," in ji shi. "Ai baƙo ne ke gaida masu gida."