Hajiyar da Ta Zo Daga Tsakiyar Teku

Ranar da alhazai suka sauko daga Mina, a shekarar da na shiga aji huɗu, Umma ta aike ni bakala, kantin unguwa, in sayo burodin tamis da rana tsaka. Gidanmu yana can saman dutse a unguwar Tandabawi ta Makka, inda mota ba ta kaiwa, sai dai mutum ya yi ta hawan matakala har gwiwarsa ta gaya masa. Ina saukowa a guje, zafin siminti yana ratsa takalmina na roba, sai na yi kiciɓis da wata 'yar tsohuwa zaune a gindin bango. Farin mayafinta ya yi duƙun-duƙun, leɓɓanta sun tsattsage, ƙafarta ɗaya babu takalmi. Na yi mata Larabci, ta bi ni da ido. Na yi mata Hausa, ta girgiza kai. Can ta ɗaga hannu tana nuna maƙogwaronta, tana cewa, "Zamzam, Zamzam." Na manta da tamis, na juya gida ina ƙwala wa Umma kira.

Mu biyu muka tallafo ta muka kwantar a tabarmar tsakar gida. Umma ta jiƙa zane ta lulluɓa mata, ta dama mata kunun gyaɗa, ta shafe mata tafin ƙafa da man zaitun. Abin hannun da ake ɗaura wa alhazai ya tsinke ya faɗi, jakarta kuma tana wurin 'yan uwan tafiyarta, ba mu san inda suke ba. Baba yana can wajen jigilar alhazai, ba a sa ran dawowarsa sai gari ya yi sauƙi. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Wata ta ce da Umma ta mayar da ita bakin titi tun kafin ta jawo wa layin nan bincike, domin kowa ya san iƙamar Umma, takardar izinin zama, ta daɗe da ƙarewa. Umma ta ci gaba da fifita tsohuwar, ta ce, "Baƙuwar Allah ce, a ƙofata ta faɗi."

Hala Maimuna ce ta warware mana. 'Yar Jawa ce, an haife ta a Makka kamar ni, tana ɗinkin mayafai a ƙasan layinmu. Tana yi wa tsohuwar magana da yaren kakanninta sai muka ga ta tashi zaune tana kuka tana dariya. Sunanta Hajiya Salma. Amma da aka tambaye ta ƙasarsu, sai Hala Maimuna ta ce ita kam ba ta taɓa jin wurin ba. Wai wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar teku, nesa da kowace ƙasa.

Aka kai maganar wurin limamin masallacinmu ya cigita, mu kuma muka zauna jira. A kwanakin nan ne hankalina ya rabu da gida. Aikina shi ne ɗebo ruwa a jarka daga tankar da take tsayawa a ƙasan dutse, da ƙulla soyayyiyar gyaɗa a leda wadda Umma take kai wa masu talla a titin Mansur. Sai na riƙa yin komai rabi da rabi, gishiri ya yi yawa, jarka ta zube a matakala, duk don in koma kusa da Hajiya Salma kafin Hala Maimuna ta tafi. Ƙawayena suna kirana wasan ɓuya a saman soro, in ce ina zuwa, ba na zuwa.

Da gawayi Hajiya Salma ta zana mana tsibirin a kan siminti: 'yan ƙananan ƙasashe jere kamar tasbaha da aka ajiye a zagaye, ruwa mai sanyi a tsakiya, ruwa mai fushi a waje. Ta ce babu dutse ko ɗaya, tudun da ya fi kowane tsawo bai kai rufin gidanmu ba. Idan mutum ya tsaya a tsakiyar ƙauyensu yana jin teku ta gabas, yana jin ta ta yamma. Ana haƙa rami kaɗan a tarar da ruwan daɗi. Ni da nake haɗa gumi kan jarka ɗaya, wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Kwakwa ce gonarsu, ita ce mansu, ita ce itacen girkinsu, da ganyenta suke rufin ɗaki. Maza su tafi kamun kifi, mata su fasa kwakwa su shanya. Shinkafa da sukari da fulawa kuwa sai jirgin ruwa ya kawo, idan ya makara kowa ya sha shayinsa haka nan.

Umma ta tambaya ko suna da sarki. Ta ce babu. Wata babbar ƙasa ce can nesa take riƙe da su, ita take turo mai kula da su da likita da malamai, su kuma dattawan ƙauye su zauna a harabar masallaci su sasanta abin da ya shafe su. Ta ce lokacin ƙuruciyarta gida ɗaya ne ya mallaki tsibirin duka, da kwakwar da jiragen. A wurinsu kowa yake aiki, kuma abin da suke biya ba ya sayen komai sai a kantinsu. Wanda ya fita ba shi da ikon dawowa. Umma ta ajiye ledar gyaɗar da ke hannunta ta ce, "Ashe can ma akwai kafili." Kafili shi ne ɗan ƙasar da zaman baƙo da fitarsa suke hannunsa. Hala Maimuna ta yi dariya, amma Umma ba ta yi ba.

Ni a lokacin ban taɓa wuce shingen binciken hanyar Jidda ba. Kakata ta taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ta ratsa Chadi da Sudan, ta haye teku, amma jikarta iyakarta makaranta da bakala da Harami. Duk inda na juya dutse ne a gabana. Wata rana na kama hannun Hala Maimuna na ce ta gaya wa Hajiya ta tafi da ni, zan iya fasa kwakwa. Tsohuwar ta shafa kaina, ta ce samarinsu kullum idonsu yana kan jirgi, wanda ya tafi karatu da wuya ya dawo. Ita ma tun tana yarinya take tsayawa bakin ruwa ta fuskanci alƙibla, har gashinta ya yi fari. "Ke da kike inda kowa yake kukan zuwa, ina kuma za ki?" Duk da haka raina bai kwanta ba.

Cigiyar liman ba ta haifar da komai ba, ga alhazai sun fara barin gari. Hajiya Salma ta daina cin abinci sosai, ta ce idan 'yan uwanta suka tashi ba ita, ba ta san ta inda ake komawa gida ba. Da safe Umma ta saka abayarta mai kyau ta ce ita za ta kai ta ofishin ɓatattun alhazai da kanta, ita da Hala Maimuna. Ta nuna mini inda shinkafa take, ta ce idan magariba ta yi ban gan ta ba in tafi gidan liman in zauna har Baba ya dawo. Na gane abin da take nufi: ana iya riƙe ta a can saboda iƙamarta. Na yi kuka a tafi da ni, aka ƙi. Hajiya Salma ta rungume ni, ta sauka matakala sanye da takalmin Umma da ya yi mata yawa.

Na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa, sannan na fita na bi bayan gidaje na kama hawan dutsen da aka hana mu hawa. A raina, idan na kai ƙololuwa zan hango hanyar da suka bi, wataƙila har in hango teku. Duwatsun suna ƙona tafin hannu, kwalba ta yanke ni a diddige, awaki suna kallona. Da na kai sama na duba yamma, sai wani dutsen, bayansa wani, bayansa wani. A ƙasa ga hasumiyoyin Harami, ga motocin alhazai jere suna fita kamar tururuwa, kowa yana da inda za shi. Na zauna na yi kuka har aka kira la'asar.

Na dawo ina ɗingishi na tarar da Umma a gaban murhu, da abayarta a jiki. Ta ce an samu mutanen Hajiya, sun yi ta nemanta a asibitoci. Jami'in ofishin ya tambayi wanda ya riƙe ta, ya dubi Umma ya daɗe, sannan ya ce Allah ya saka, ta tafi gida. Ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ga jini a ƙafata, ba ta tambaye ni komai ba, ta jawo ni ta wanke.

Yau an rushe layinmu, muna zaune a bene a unguwar Zahir, ruwa yana zuwa har ɗaki. Umma ta rasu da takardunta cikakku. Na ga teku a Jidda, na tsoma ƙafa, na dawo a ranar. 'Ya'yana suna iya nemo kowane tsibiri a waya kafin shayi ya huce, amma babu wanda zai gaya mini ko Hajiya Salma ta isa gida lafiya. Duk shekara idan alhazai suka fara ɗaure kaya, sai in rasa abin da ke damuna, in yi ta kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa. Har yau ban je ko'ina ba, kuma ban zauna ba.