Maganata a Bakin Sahabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Sahabi a Dogarawa, kuma har yau ina kishinsa. Na san ba a faɗin haka a kan mamaci, amma gaskiyar ke nan.

Ni ne mai dogon karatu a gidanmu. Na dawo daga Yamai a farkon shekarun tamanin da takardar falsafa, aka tura ni koyarwa a Konni. Sahabi kuwa ya bar lakwal, wato makarantar boko, da wuri ya rungumi gurmi yana bin bukukuwa. Abincinsa zambo: mai hali ya ba shi tukuici, shi kuma ya muzanta masa abokin gaba a bainar jama'a ba tare da kama suna ba. Ya iya ƙwarai, Allah ya gafarta masa.

Wata rana muna shan shayi nake ba shi labarin darasin da ɗalibaina suka yi ta hamma a kansa: masanan ɗabi'a na zamani sun ce bai halatta ka mai da ɗan Adam kayan aiki don biyan bukatarka ba. Don ya gane, na ce mutum ba tsani ba ne da za ka taka ka hau. Ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, mi kac ce? Sake hwaɗi in ji."

A wani biki a Malbaza wani attajiri ya nemi ya ci masa mutuncin maƙwabcinsa. Sahabi ya ce, "Alhaji, na bar wagga sana'a." Ya kaɗa gurmi ya rera maganata, kalma da kalma. Iyayen gidansa suka watse, ya sha wuya a shekarar. Amma wani ya ɗauki waƙar a kaset, kafin damina ta kai har Badaguishiri, direbobin tasha na sa ta, mata na yin ta a bakin turmi. Bai taɓa ɓoye inda ya samo ta ba, mutane ne ba su damu su sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu jam'iyyu sun zo, kowace da mawaƙinta, zambo ya fi da tsada. Nakan tambayi kaina me zai yi da yana raye. Wani ɓangare na zuciyata yana son in ce da ya koma ruwa, tunda yunwa ba ta san falsafa ba. Amma na san ƙanena, ba zai koma ba, kuma wannan ma yana ƙona min rai. Ni na karanta maganar, na koyar da ita, ban taɓa rasa ko loma ɗaya saboda ita ba.

Kwanan baya ƴata Hadiza tana wanki tana rera waƙar, sai ta ɗago ta ce, "Baba, kai da ka yi karatu, ka taɓa hwaɗin magana irin ta Baba Sahabi?"

Gurminsa ya fashe, kaset ɗin sun soma cin zare, abin da ya rage masa a duniya shi ne wannan magana guda, kuma da kalma biyu zan iya karɓe ta. Na ce mata, "A'a, ban taɓa ba."

Allah ya jiƙanka, Sahabi. Na bar maka, amma ba da daɗin rai ba.