Shuɗin da Ya Ƙi Zama a Takarda

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata na tsoma takardar farko a ruwa. Na san lokacin ne saboda na rubuta shi, don a shekarun nan komai na yi sai na rubuta. Ina tsugune a bayan ɗakin girkinmu a Dutse Uku, na ga shuɗi ya taso, na ga furannin mayafin Kaka sun fito farare tas a cikinsa. Kafin in sauke numfashi shuɗin ya dushe, ya koma rawaya, ya tafi da furannin. Abin da ya rage a hannuna jiƙaƙƙiyar takarda ce mai launin shayin da ruwa ya yi wa yawa.

A ranar ne Kaka, mahaifiyar babana, ta cika kwana talatin da ɗaya da rasuwa. Ɗaki ɗaya muke kwana da ita tun ina shekara shida. Ina aji biyu a jami'a lokacin, ina karatun tsirrai, kuma ban da ita babu wanda nake iya yi wa magana mai tsawo. A aji ina zama gefen taga, in an tashi in wuce laburare.

Mayafin fari ne shara-shara, ita ta yi masa aikin furanni a gefe da farin zare tun tana amarya. Fari a kan fari, ba a ganin aikin sai an ɗaga shi a haske. An riga an yanke cewa ranar sadakar arba'in Gwaggo, 'yarta mace tilo, za ta zo daga Bauchi ta tafi da kayan sawarta. Haƙƙinta ne. Ko da ba haƙƙinta ba ne, ni ba mai iya buɗe baki in roƙa ba ce. Na kai mayafin wurin mai hoto a Jos Jarawa, hoton ya fito kamar zanen gado a kan igiya.

A wani tsohon littafin laburare na ga hanyar ɗaukar siffar aikin a takarda. Ana jiƙa sinadarai biyu, a haɗa, a shafa wa takarda a cikin duhu. In ta bushe a ɗora ganye ko yadi a kai, a danne da gilashi, a kai rana. Inda haske ya taɓa sai ya zama shuɗi, inda zare ya tare sai ya zauna fari. Na kwafe shafukan da hannu, har inda aka ce a ɗauke gilashin. Daga nan wani ya yage ganyen littafin.

Makonni uku na yi ina tara kaya. Kwalabe biyu masu duhu na samu a kemis, irin na maganin tari, na dafa su. Takarda mai kauri ta masu zane na saya a kantin littattafai. Littafin ya ce kada ƙarfe ya taɓa haɗin, don haka na naɗa auduga a tsinken tsire maimakon buroshi. Allon da zan ɗora a kai da gilashin duk a kasuwar Katako na samo su, gilashin a rumfar wani tsohon Ibo mai yankan gilashi, wanda bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce masa komai ba sai awo.

Sinadaran ne suka fi ba ni wuya. Kwana biyu ina zuwa ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ina juyawa. A na uku ma'aikacin wurin ya buɗe ƙofa ya same ni a tsaye, na miƙa masa takardar da na rubuta sunayen.

“Me za ki yi da su? Ba dai miya ba?”

Na girgiza kai. Ya ƙunsa mini su a takarda, ɗaya kore kamar garin kuka, ɗaya ja mai ƙyalli. Kowanne bai fi cokali uku ba.

“Ki yi tattali. Ɗan abin da ya rage na ɗalibanmu ne, in kin dawo ban san ki ba.”

Saura abin da ke cikin yagaggen shafin. Na san dai dole a wanke takardar, amma da me? Ban daɗe ina tunani ba. Mahaifin Kaka marini ne, a bakin karofi ta girma. Sau da yawa in tana shafa mini mai a ƙafa saboda sanyin Jos, takan ba ni labarin yadda ake zuba toka a ramin rini, ta ce ba don ita ba shuɗin baba ba zai taɓa kama yadi ba. Sai na ji kamar ita ce ta cika mini shafin. Na debo toka a murhun Umma, na jiƙa, na tace da ƙyalle sau uku har ruwan ya yi garau. A cikinsa na tsoma takardar ranar Talata.

Da shuɗin ya gudu, komai na zarga ban da tokar. Na ce takardar ce, na sake wata iri. Na ce ruwan rijiyarmu ne, na tari ruwan sama a roba, na jiƙa sabuwar toka da shi. Na ce ranar ce ba ta isa ba, domin damina na ƙarewa, hadari yakan taso daga bayan duwatsu ya rufe ta ba sallama. Na ƙara minti, na rage minti, duk na rubuta. Takarda shida suka lalace, iri ɗaya: shuɗi na ƙiftawar ido, sai rawaya.

Umma takan leƙo ta ce, “Ke kullum kina bayan kicin kamar kaza mai kwanci. Ki dai kula da mayafin nan, kada gwaggonki ta zo ta ga tabo.”

Ba ta tambaye ni me nake yi ba. Gidan cike yake da masu zuwa gaisuwa, ana ta dafa abinci, ana fira a tsakar gida. Ni kuma in na shiga ɗaki, gadon Kaka an naɗe katifarsa an jingine. Nakan ninke mayafin in mayar cikin akwatinta. Ƙamshin turarenta ya fara barinsa, ya fara ɗaukar na hannuna.

Ranar Laraba, ana gobe arba'in, na ɗaga kwalaben a haske. Abin da ya rage zai shafa takarda ɗaya, in na matse audugar. Abu ɗaya ne ya rage in zarga cikin waɗanda na saya: gilashin. Na ɗauke shi na koma Katako da sassafe, ana ta sauke katako daga mota, garin zarto na shiga takalmi.

Tsohon yana zaune yana shan shayi. Hausarsa irin ta mutanen da suka daɗe a Jos ce, mace da namiji duk “kai” ne a wurinsa.

“Ɗan makaranta, ka dawo. Gilas ya fashe?”

“A'a, Baba. Wanda ya fi wannan haske nake so.”

Ya ɗaga shi ya duba. “Wanda ya fi wannan haske sai dai in ba ka iska. Me kana yi da shi?”

Na mayar da idona ƙasa. Shi kuma hannuna na hagu yake kallo, wanda nake riƙe takarda da shi in ina shafawa. Gefen faratana ya yi shuɗi, sabulu ya kasa fitar da shi. A duk wahalar nan, nan kaɗai launin ya zauna.

“Kawo hannu.” Ya gyara tabarau. “Wannan shuɗi na san shi. Ina saurayi na yi aiki a ofishin masu awon kuza, ni ke wanke taswira. Shekara biyar hannuna haka yake, har matata kafin aure ta ce ko kuturta ce.”

Na ciro takarda guda daga cikin waɗanda suka lalace na ba shi. Ya juya ta, ya shinshina. Ya ture kofin shayin ya nuna mini benci.

“Zauna. Faɗa mini daga farko, kar ka tsallake.”

Na buɗe littafina na karanta masa. Awon ruwa, duhun ɗaki, mintin rana. Yana ta gyaɗa kai. Ban san lokacin da na bar karatun na shiga labarin mayafin ba, da Gwaggo da za ta iso gobe, da yagaggen shafin. Tun rasuwar ban yi magana mai tsawon wannan ba. Da na zo kan tokar sai ya daina gyaɗa kai.

“Toka? Wa ya ce ka sa toka?”

“Kakata. Babanta marini ne.”

Na ga dariya ta zo masa, ya haɗiye ta. Ya miƙo mini gilashina, ya leƙa waje ya dubi sama.

“Kakanka bai yi ƙarya ba, 'yata. Shuɗin da ya sani na ganye ne, yana son toka. Wannan na ƙarfe ne, toka ke kashe shi. Ruwa kawai. Ka sa a ruwa zalla, ka yi ta sauyawa har rawaya ya daina fita, ka shanya a inuwa. Tashi ka tafi yanzu, rana na nan har azahar.”