Tsohon da ke Cikin Garmahon Malam Muntaka

Malam Muntaka na elemantaren Ƙaraye irin mutanen nan ne da ko tukunya suka gani a rufe sai sun ɗaga murfi. Ɗan manoman gyaɗa ne, kuma tun yana ƙarami ya kwance keken kawunsa don ya ga abin da ke juya ƙafar baya. Keken bai sake tafiya ba, shi kuwa ya tafi har Kano ya zama malami.

Wajen ƙarshen zamanin Turawa aka kira shi kwas a Kano. Ya dawo da garmaho, akwatin nan da ake wanawa ya yi magana, da faifan koyon Turanci, da wata sabuwar magana: wai yaro ba ya koyo sai ya buɗe baki ya yi tambaya, ya taɓa abu da hannunsa. Baturen da ke duba makarantu ya gindaya sharaɗi: in ya zo rangadi ya tarar akwatin bai buɗe bakin yara ba, zai ɗauke ya kai Rogo. Mutumin Ƙaraye kuwa, da a kai abinsa Rogo, gara a ɗauke masa wando.

Ran farko Malam ya wana akwati, ya ɗora allura. Murya ta fito, kakkaura, ta manya. Yara suka zame daga benci suka durƙusa. Faifai ya yi shiru don su maimaita, su ma suka yi shiru don kada su katse babba.

"Ku faɗi abin da ya faɗa mana," in ji Malam.

Tani, babbar 'yan ajin, ta ce, kanta a ƙasa, "Malam, baƙo ne fa. A kwaikwaye shi yana ji?"

Ya yi lallashi, ya yi barazana, har ya kifa akwatin su ga ba kowa ciki. Suka ce wa akwatin sannu da wahala.

Wata rana da la'asar yana zaune a gida, sai ga 'yarsa Saude, wadda a aji ko tari ba ta yi, tana bin tsohuwarsa Yelwa a baya, tana kwaikwayon ɗingishinta.

"Tsohuwa, ina kika kai haƙoranki? Me ya sa kike magana ta hanci?"

"Ubanki ya cinye min su, ja'ira."

Malam ya bar furarsa ya zuba ido. Ga tambaya, ga kwaikwayo, duk abin da aka tara su a Kano ana ta faɗa, ashe yana tsakar gidansa yana ɗingishi.

Washegari ya wana akwatin rabi kawai. Murya ta soma ja, tana nishi.

"Wannan kakanku ne," ya ce. "Kun ji yadda tsufa ya cinye shi."

Shi ke nan fa. Jika ba ya jin kunyar kaka. Suka kwaikwayi tsoho har da hancinsa, suna ta tambaya: me ya sa yake farfaɗowa in an wana shi? Ina muryar take kwana? Wani ya sa farce a layin faifai, ya ji ta tana raɗa.

Ran rangadi Bature ya shigo ya ce gud monin, da murya sak ta akwati. Sai Tani ta ce, "Af, tsoho ya fito. Wa ya wana ka?"

Suka mayar masa da gaisuwarsa daidai da yadda ya yi ta, suka rufe shi da tambaya, biyu suka zagaya bayansa neman hannun wanawa. Malam kuwa a ransa har ya hango garmaho a kan ɗan dako, hanyar Rogo.

Baturen yana jin Hausa. Ya nemi bayani, Malam ya yi masa a durƙushe. Bature ya dubi yaran, ya ce akwati ya zauna.

Yana shirin fita Tani ta tare ƙofa. Ta ce kaka ba ya zuwa hannu rabbana. Ya laluba aljihu, babu ko alewa, sai da ya yi alkawari aka ba shi hanya.